Na-Sani da Likitocinsa na Bayan Shago

A layinmu akwai wani kafinta da ko gaishe shi ka yi sai ya nuna ya fi ka sanin yadda ka kwana. Ka ce masa hadari ya haɗo, ya ce ai ya sani, tun jiya gwiwarsa ta gaya masa. Ka ce masa matarka ta sauka, ya ce ai ya sani, namiji ne, ko da kuwa mace aka samu. Shi ya sa muka sa masa Na-Sani, sunan kuma ya kama shi har matarsa takan yi suɓul da baka ta kira shi da shi. Shagona na gyaran waya yana kallon nasa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Wanda ban gani ba shi ya ba ni labari da bakinsa, ya zuba gishiri, ni kuma na rage.

Ciwon suga ya daɗe da zama ɗan gida a zuri'arsu. Ya kama mahaifinsu, ya kama gwaggonsu, ya kama yayarsa mace da ke sayar da robobi da kofuna a kasuwa. Na mahaifin ne ya fi muni, domin tsohon ya ƙi asibiti har wani ɗan ciwo a tafin ƙafarsa ya ruɓe, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Na-Sani ne da hannunsa ya sassaƙa masa sandar hammata, kuma bayan rasuwar tsohon ya rataye ta a bangon shago, saman inda yake jera zarto. In baƙo ya yaba aikin sai ya hau cika baki a kan katakon, amma ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya kalle ta ba.

To, sai ga Na-Sani ya fara shan ruwa kamar an huda masa ciki. Jarka guda yake ajiyewa kusa da teburin aiki, kafin rana ta yi tsaka ya ga ƙarshenta. Banɗakin da 'yan layi muke haɗaka kuwa ya zama ofishinsa na biyu, har Tela, maƙwabcinsa na dama, ya ce a yanka masa mukulli nasa na kansa. Wandonsa ya fara zamewa, ya ɗauki ƙusa ya ƙara wa bel ɗinsa huda, ba a jima ba ya ƙara wata. Idonsa ma ya fara yi masa hazo. Ya haɗa wa wata mata teburin cin abinci, aka ɗora kofi a kai, kofin ya gangara da kansa ya faɗi ƙasa.

"Sabon salo ne," in ji shi. "Ba sai kin miƙa wa baƙo ruwa ba, ruwan ne zai je ya same shi."

Matar ta ce ya riƙe salonsa, ita tebur take so.

Ana cikin haka ya taka ƙusa a shago. Ya cire ta, ya naɗe wurin da tsumma, ya tura ƙafar cikin takalmi sau-ciki ya take dugadugin. Ciwon ya ƙi warkewa, shi kuma ya ƙi bari kowa ya gani, har matarsa.

Matar ce ta kai ƙara wurin Yaya. Wata safiya sai ga Yaya ta shigo layin da saurinta, jaka a hammata. Ita ma suga gare ta, amma tana shan maganinta, tana zuwa awo, kuma in tana tafiya sai saurayi ya yi da gaske zai cim mata. Ta same shi a bencin Mai Shayi, an haɗa masa irin nasa, wanda cokali ke iya tsayawa a ciki saboda suga.

"Auta, tashi mu je asibiti."

"Wa za mu dubo, Yaya?"

"Kai."

"Ni? Me na yi?"

"Matarka ta ce ba ka barin kowa ya runtsa da zaryar banɗaki. Dube ka, wuya kamar mariƙin ludayi. Haka Baba ya fara, kuma ka sani."

"Ai na sani. Amma ni zafin nema ne ya ramar da ni. Ruwa kuwa wa ya taɓa mutuwa don ya sha ruwa? Yaya, suga tsorona yake ji. Ya shiga gidanmu ya bi kowa, da ya zo kaina ya ga fuskata ya yi kwana."

"To mu je ya faɗa da bakinsa. Ɗan yatsa kawai za su tsira, ɗigo ɗaya na jini."

"Jinina? In ba wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba ta yanke mini hukunci? Batirinta ma na san inda ake sayar da shi." Ya kurɓi shayi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Mutanen da can da me suke gane suga? Da kiyashi. Ka yi fitsari, in da zaƙi su taru, in babu su wuce. Kiyashi ba ya ƙarya, ba ya son kai, batirinsa ba ya mutuwa. Ni nan sai in auna duk layin nan ba tare da an huda kowa ba."

"Allah ya shirye ka," Yaya ta ce. "Zan dawo, kuma ƙafata ƙafarka."

Da a ce mun yi shiru da maganar ta mutu a nan. Sai Tela, wanda ko tari ya yi sai ya fara yafe wa mutane, ya matso ya ce, "Malam Na-Sani, da gaske kiyashi na ganewa? Ni fa kwanan nan bakina na bushewa."

Shi ke nan, Tela ya jawo mana.

Kafin yamma Na-Sani ya buɗe asibiti a bayan shagonsa. Akwai wani rami a gindin katanga inda kiyashi ke fitowa, ya share gabansa, ya kafa ɗan allo ya yi masa rumfa don kada rana ta dami ma'aikata. Ya barbaɗa musu suga, wai horo yake ba su, su san abin da ake nema. Likitocina, haka yake kiransu. Kullum da safe sai ya tsuguna ya gaishe su kafin ya gaishe mu.

Sai maganar mazubi. Ya bi layi yana tsintar gwangwanaye. Ya kwaso na madara mai kauri daga kwandon sharar Mai Shayi, ya haɗa da na fenti daga shagonsa, ya ɗauraye su sama-sama. Nasa na kansa kuwa ya ware wani tsohon gwangwani da yake jiƙa burushi a kalanzir, ya ce shugaban asibiti ba ya haɗa mazubi da marasa lafiya.

Tela ne ya fara, aka ba shi gwangwanin madara. Ya shiga banɗaki ya fito yana riƙe da shi nesa da jikinsa, aka ajiye a bakin rami. Ba a daɗe ba kiyashi suka yi masa rubdugu.

Na-Sani ya girgiza kai, ya dafa kafaɗarsa. "Sai haƙuri, Tela. Kowa da ranarsa."

"Ya yi yawa ne?"

"Dubi yadda suke hawa kan juna. Wannan ko a rake ba a samun irinsa."

Tela ya koma shago ya zauna gaban keke yana hawaye, ya ɗinke wa wani hannun riga a wuya. Kafin magariba ya kira ƙaninsa yana gaya masa inda ya ajiye almakashinsa mai kyau.

Na-Sani ya kawo nasa gwangwanin ya ajiye a wuri guda. Kiyashin farko ya matso, ya shaƙi kalanzir, ya juya a guje, sauran suka bi shi.

"Kun gani? Ko kusa ba su zo ba. Girmamawa ke nan."

Washegari Mahauci ya zo. Ƙato ne, mai saurin fushi, wanda in ya daka tsawa a rumfarsa karnukan layi ke canza hanya. Shi dariya ma ta kawo shi, amma Na-Sani ya ce masa masu jiki irin nasa su ne suga ke ci a ɓoye. Aka miƙa masa gwangwanin madara, kiyashi suka taru.

"Ƙarya ne!" Mahauci ya ce.

"Da ni kake, ko da likita?"

Mahauci ya tsuguna ya ƙura wa kiyashin ido kamar zai gane wanda ya ci amanarsa. Daga ranar ya daina shayi, ya daina lemon kwalba, ya koma shan wani ruwan ganye mai ɗaci da Na-Sani ya dafa masa a tukunyar narka gam. Ruwan ya ɓata masa ciki, sai ga shi da Na-Sani suna rige-rigen banɗaki, ɗaya na buga ƙofa ɗaya na cewa a yi haƙuri da mara lafiya.

Mai Shayi ne ya fara jin jiki. Rabin masu zama a bencinsa an yanke musu hukunci, kowa ya koma ruwan zafi tsura. Su kuma likitocin, da suka ga ana ciyar da su, suka kira danginsu na nesa da na kusa. Suka ratsa katanga suka shiga buhun sugan Mai Shayi. Cinnaku ma suka biyo baya, waɗanda ba su san aikin asibiti ba sai cizo. Suka shiga yadin Tela, suka shiga wayoyin da aka kawo mini gyara, har na buɗe wata na tarar sun yi unguwa a bayan batir. Wasu kujeru da Na-Sani ya haɗa wa mai gidan hayarmu kuwa da ma'aikata a ciki aka kai su, baƙinsa suka zauna suka tashi babu sallama.

"Ka kwashe dabbobinka daga cikin sugana," Mai Shayi ya ce masa.

"Dabbobi? Bincike suke yi. In ba ka da abin ɓoyewa me ya dame ka?"

"Suga ne a buhun suga, Na-Sani. Me za su gano?"

"Ai ka ga sun gano shi."

Ɓarnar da ta fi kowace ita ce ta Baba Maigadi, dattijon da ke gadin layin. Shi dai kowa ya san yana da suga, ya daɗe yana shan ƙwayoyinsa, tare da Yaya ma suke bin layin asibiti. Na-Sani ya ce a gwada shi don a tabbatar da ƙwarewar likitoci. Gwangwanayen madara sun ƙare, aka ba shi na fenti. Kiyashi suka zagaye shi suka wuce.

Na-Sani ya ɗaga hannu sama. "Baba, ka warke! Zama kusa da shagona ne ya yi maka rana. Jefar da ƙwayoyin nan."

Tsoho ya yi murna har da rawa. Ya zauna a bencin Mai Shayi ya ce a haɗa masa irin na Na-Sani, ya rama abin da ya wuce.

A haka Yaya ta same shi da ta dawo, kofi a hannu, suga har a gemu. Ta tsaya ta dube shi, ta karɓe kofin ta zubar a kwata.

"Baba, ina maganinka?"

"Ai na warke, 'yata. Ƙaninki ya auna ni."

Ban taɓa ganin mace ta ratsa layin nan da sauri irin na ranar ba. Na-Sani na ganinta ya yi wuf zai shige banɗaki, ya tarar Mahauci na ciki.

"Auta! Kanka ka ƙi ceta, yanzu kuma tsohon mutane za ka kashe?"

"Yaya, kimiyya ce. Ba ni na faɗa ba, likitoci ne."

"Nuna mini gwangwanayen."

Ya nuna mata. Ta ɗauki na Tela ta leƙa, ta ga madara daskare a gindi. Ta shinshina nasa ta kawar da kai. Mutane sun fara taruwa, ita kuwa sai ta yi wani murmushi da ya sa ni ma na sha jinin jikina.

"Na yarda da likitocinka," ta ce. "Gobe da safe zan kawo kofuna sababbi fil daga rumfata, iri ɗaya. Kai da Tela da Mahauci kowa ya cika nasa, a jera a gaban jama'a. In kiyashi suka tsallake naka, na bar ka har abada. In suka hau, ka bi ni asibiti. Baba Maigadi kuwa yanzun nan zan kai shi a duba shi, ba ya cikin wannan shirmen."

"Faɗuwa ta zo..." Na-Sani ya fara, sai ya ga idon jama'a a kansa, ya gyara tsayuwa. "Na yarda. A kira duk layi. A zo da kujeru."

Yinin ranar bai yi aikin kirki ba. Ina kallonsa yana auna katako ɗaya yana sake aunawa, yana satar kallon bangon da sandar ke rataye yana kawar da kai. Tsoro ne fal cikinsa, kuma duk mun gani, shi kaɗai yake zaton ya ɓoye. Can sai dabara ta faɗo masa. Washegari da sassafe kafin mutane su fito ya lallaɓa wurin Mai Shayi da 'yar kwalba, ya ce a zuba masa shayi tsararo, babu madara, babu suga ko ƙwaya ɗaya, a sirka da ruwa har kalarsa ta yi daidai. Mai Shayi ya ce to. Yana haɗawa suna hira, Na-Sani na leƙen hanya kada wani ya gan su. Ya karɓi kwalba ya soke a aljihu.

Layi ya cika. Matan gidajen kusa suka tsaya daga nesa, kowace ta toshe hanci da gefen mayafi amma babu wadda ta tafi. Baba Maigadi, wanda aka mayar kan maganinsa, ya samu kujera a gaba. Yaya ta raba kofuna. Tela ya shiga ya fito, Mahauci ya shiga ya fito, Na-Sani ya shiga ya daɗe, ya fito yana taku ɗai-ɗai, kofi a sama kamar wanda ya ci gasa. Aka jera su a bakin rami.

"Jama'a a yi shiru, likitoci na aiki," in ji shi.

Kiyashi suka fito. Suka nufi kofin Tela, Tela ya rufe ido yana salati. Suka zagaye suka wuce.

"Ɗumama jiki suke yi," Na-Sani ya ce. "Za su dawo."

Suka je na Mahauci, ɗaya ya hau ya leƙa ya sauko. Suka wuce. Daga nan sai suka miƙe layi guda zuwa kofi na uku. Na gaba ya hau, ya taɓa, ya juyo da gudu ya kai labari gida. Abin da ya fito daga ramin nan ban san katangar na ɗauke da shi ba. Kafin ka ce me, kofin Na-Sani ya koma baƙi ƙirin, wasu na faɗawa ciki, wasu na hawa kan waɗanda suka faɗa.

"Kai! Ku koma! Ba nan ba!" Ya tsuguna yana kore su da hula. "Marasa mutunci, wa ke ciyar da ku?"

"Da likita kake faɗa?" Mahauci ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sai haƙuri, Malam Na-Sani," in ji Tela, wanda ya buɗe ido ya ga ya dawo duniya. "Kowa da ranarsa."

Dariya ta ɓarke. Na-Sani ya miƙe, gumi na zuba, sai gaskiya ta kuɓuce masa.

"Ba fitsari ba ne! Shayi ne!"

"Shayi?" in ji Yaya.

"Shayi ne wallahi! Kai Mai Shayi, ban ce kada ka sa suga ba?"

Mai Shayi ya dubi hannunsa na dama kamar na wani ne. "Ka faɗa. Wallahi ka faɗa. Amma shekara da shekaru ina haɗa maka, hannun nan da ya ji muryarka shi yake zuwa gwangwanin suga da kansa. Ina jin ma na ƙara maka na safiya."

"To ashe maguɗi ka yi mana," Mahauci ya ce yana naɗe hannun riga. "Ni ka sa ni shan ruwan gam, kai kana zuba shayi a kofi."

"Ba maguɗi ba ne, gwajin likitocin nake yi, in ga ko suna lura."

"Ni ban ma yarda shayi ne ba," wata mata ta ce daga baya. "Kunya ce ta sa ya ce haka."

"Ba ki yarda ba? To ki gani!"

Ya sunkuya ya suri kofi zai kafa kai. Da yake ya yi ta zagaye yana korar kiyashi, kuma idon nan nasa hazo yake gani, ba nasa ya ɗauka ba. Kofin ya kusa leɓensa Yaya ta kai wa hannun duka.

"Na Mahauci ne, sakarai!"

Kofi ya yi sama, jama'a suka watse da ihu. Na-Sani ya yi tsalle da baya, ya yi fatali da kofin shayin, ya kife a kan ƙafarsa, takalmin da ya take wa dugadugi ya fice ya yi gefe. Kiyashi da cinnaku suka bazu ko'ina. Tela na tsalle yana kakkaɓe wando, Mahauci na marin ƙwaurinsa yana zagi, Mai Shayi ya haye benci, ni ma na samu rabona a idon sawu. Kowa rawa yake yi ba kiɗa, ana dariya har da masu riƙe ciki.

Na-Sani kaɗai ke tsaye cak a tsakiyarsu. Da ya ga haka sai bakinsa ya dawo.

"Kun gani? Ku suke cizo. Ni ko ɗaya bai taɓa ni ba. Sun san ubangidansu!"

Yaya ce ta fara kallon ƙasa, sannan muka bi idonta. Ƙafarsa ta dama, wadda shayin ya jiƙa, ba a ganin fatarta saboda cinnaku. Sun hau yatsu, sun hau dugadugi, suna ta cizo. Tsumman ya warware, ga ciwon ƙusar nan a fili, ya kumbura, gefensa ya yi wani launi marar kyau. Shi kuwa yana tsaye yana washe baki, bai ji komai ba.

Dariyar ta ɗauke.

"Auta," Yaya ta ce a hankali, "dubi ƙafarka."

Ya duba. Ya motsa yatsun, ya sake dubawa.

"Haka Babanmu ya ce mana ranar da ya taka garwashi. Wai wuta ta san shi," in ji Yaya.

Ta ɗebi ruwa a jarkarsa ta wanke masa ƙafar da hannunta. Sannan ta shiga shago, ta taka teburin aiki, ta sauko da sandar nan daga bango. Ta fito ta kafa masa ita a hammata a gaban kowa. Sandar ta zauna daram, ko ɗan yatsa ba ta wuce ba.

"Ka iya awo, Auta. Ko rage ta ba sai an yi ba."

Na-Sani ya dubi sandar, karo na farko da na ga ya dube ta da kyau. Muna jira mu ji da wace zai kare kansa, sai ya ce da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "Yaya, tsoro nake ji."

"Na sani," in ji Yaya. "Ɗauko takalminka."

Mahaucin da ya naɗe hannun riga don ya dake shi, shi ya ɗauke shi cak ya sa a motar da yake ɗauko nama. Tela ya shiga, ni ma na rufe shago na bi su, domin irin wannan ba a bari a ba ka labari.

A asibiti, nas ɗin ta goge masa ɗan yatsa da auduga, ya runtse ido ya kurma ihu.

"Malam, ban fara ba."

"Ai na sani. Share murya nake yi."

Ta tsira, ta ɗiga jinin a 'yar na'urar da bai ɗauka a bakin komai ba. Lambar da ta fito ta sa ta kira likita. Likita ya duba ƙafar, ya danna nan ya danna can, ya yi tambaya a kan mahaifinsu, ya rubuta ƙarin gwaji. Ya ce suga ne, kuma ya daɗe yana ɓarna, amma ƙafar za ta tsira in aka wanke ciwon yanzu, ya riƙe magani, ya gyara cin abinci, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum tunda ba ta kawo masa ƙara da kanta. Ya ce da an ƙara jinkiri da wata maganar ake yi. Yaya ta juya baya ta share ido da mayafi.

Aka auna Tela, lafiyarsa lau, ya rungume nas ɗin da godiya har sai da aka janye shi. Aka auna Mahauci, babu suga, sai dai jininsa ya ɗan hau, ya ce ya san wanda ya hau da shi.

Kafin mu iso gida bakin Na-Sani ya warke, ko da yake ƙafar ta ɗauki lokaci.

"Kun ga lambar nan? Nas ta ce duk yau ba ta ga irinta ba. Tela, kai nawa ka samu? Ko rabin tawa ba ka kai ba."

"Allah ya bar maka kayanka," in ji Tela.

Mai Shayi ya zuba ruwan zafi a ramin likitoci, aka rufe asibitin bayan shago. Yanzu in Na-Sani ya zo benci, sai Mai Shayi ya soke hannun damansa a aljihu ya haɗa masa da hagu. Shi kuma ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce masu suga a shayi ba su san ɗanɗanon ganye ba, shi ya daɗe da sani.

Bayan an kwana biyu na leƙa shagonsa na ga bangon nan wayam. Yana zaune ya cire takalmi, ya ɗora ƙafar a kan wata 'yar kujera sabuwa, yana duba tafin da guntun madubi. Ciwon ya haɗe, saura tabo.

"Ina sandar Babanku?" na tambaye shi.

Ya ƙwanƙwasa kujerar da madubin. Sai a lokacin na gane katakon. Ya yanka sandar gida huɗu ya yi mata ƙafafu, kuma a wannan karon duk tsawonsu ɗaya.

"Likita ya ce in riƙa ɗora ƙafar a sama," ya ce. "Sugan dai gado ne, na karɓa. Sandar kuwa ba da ni ba."